Taƙi Uku da Yatsu Huɗu

Shekara talatin da ɗaya mutane suna bin ƙeyar Na-Gaba a kan hanyar dutsen nan, har wasu ke cewa da za su haɗu da shi gaba da gaba a kasuwa ba za su gane shi ba sai ya juya baya. Aikinsa ke nan tun yana da baƙin gashi: ya kwashi baƙi da safe daga gidan hayar kwale-kwale, ya hau da su dutse, ya gangaro da su ta ɗaya ɓarin zuwa mashigin kogi, su tsallake da ƙafa, su tarar da kwale-kwalen da mota ta ajiye musu a tsallake, ruwa ya dawo da su gida. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Hatta marigayiya matarsa, in ranta ya ɓaci, Na-Gaba take ce masa.

Sai bara tsautsayi ya same shi a gangaren. Ƙafa ta zame a kan tsakuwa, sandarsa ta itace ta shiga tsakanin duwatsu biyu ta karye, gwiwar dama ta bi sahu. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, ya yi wata takwas a ɗaki yana kallon silin yana faɗa da rediyo. Ranar farko da ya iya ɗaura takalminsa da kansa, gidan kwale-kwalen ya nufa.

Manajan ɗan mai wurin ne. Na-Gaba ya sha ɗaukarsa a wuya ya tsallakar da shi mashigin nan yana ɗan shekara biyar yana tsala ihu, yanzu kuwa ya yi tumbi ya sa tabarau. Ya tashi ya ba tsohon kujera, ya tambayi jiki, ya tambayi jikoki, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito da ita: akwai wuri a sito. Ba da rigunan ruwa, karɓar filafilan tuƙi, rataye igiyoyi su bushe. Ga fanka, ga kujera mai jingina.

"Sito," in ji Na-Gaba, kamar an miƙa masa mataccen ɓera. "Ni za ka zaunar ina rarraba riguna kamar mai wanki da guga?"

"Baba, gwiwarku nake ji."

"A jikinka take?"

Manaja ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya san tsohon, ya san in bai ba shi hanya ba zai kwana a kujerar nan. "To, mu yi haka. Ranar Asabar akwai malaman makaranta su shida. Ku ja su, ni ma zan bi. In kun dawo da mu lafiya ba tare da wani ya tallafe ku ba, gaba taku ce, ba zan sake tayar da maganar ba. In kuwa an tallafe ku..."

"In an tallafe ni, ka kunna mini fankarka."

A gaskiya abin da ya fi gwiwar ci masa rai shi ne sandar, don ba ta dogarawa ba ce kawai. A jikinta akwai tsaga guda da ya yi da wuƙa, taƙi uku da yatsu huɗu daga gindinta in an auna da hannunsa. Yayansa ne ya koya masa hanyar nan, kuma a da su biyu ke jan baƙi. Wata rana ruwan ya ɗan fi na kullum, ba wani abin tsoro ba a ido, Yaya ya ce a haye. Ya tsallakar da kowa, ya koma ɗauko jakar wata baƙuwa, ƙafarsa ta tashi daga ƙasa, sai bayan kwana biyu aka same shi. Kafin Na-Gaba ya bar bakin kogin a ranar, ya tsoma sandarsa a gefen wani faffaɗan dutse, ya tsaga daidai inda jiƙar ta tsaya. Tun daga nan dokarsa ɗaya ce: ruwa ya taɓa tsaga, ko wane ne sai ya juya. Kuma bai taɓa gaya wa kowa awon ba. In an tambaye shi, sai ya ce sanda ce ke magana da shi. A watannin da ya yi a kwance, da ido sauran ma'aikatan ke auna ruwan, in sun yi shakka su fasa tafiyar. Da labarin ya iske shi, ban da abin ɓoyewa, daɗi ya ji.

Ranar Juma'a da la'asar Auta ta shigo masa da wani dogon ƙunshi. 'Yarsa ce ta ƙarshe, tana da 'ya'ya biyu amma har yau Auta. Ita ke kula da kwale-kwalen, kuma in ana tafiya ita ke zuwa a ƙarshen layi tana tattara masu ja da baya. Ta kwance ƙunshin a kan gado.

"Mene ne wannan kuma? Eriyar rediyo?"

"Sanduna ne, Baba, guda biyu. Kowacce gaɓa uku. Ka ɓalle wannan ɗan makullin, ka zaro gaɓar ƙasa, ka danne." Ta tsayar da shi, ta daidaita masa ɗaya har gwiwar hannunsa ta yi kusurwa. "Wannan tsawon na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. In za ka gangara, ka ƙara mata tsawo, ita za ta riga gwiwarka sauka. In hawa ne, ka rage."

"Sandar da ba ta san tsawon kanta ba, ita za ta koya mini tafiya?"

"Karen bana, Baba."

"Dutsen ba na bana ba ne."

Suka ja, suka ja, har aka tsaya a kan zai riƙe ɗaya, ita ta ɗaure ɗayar a jakarta, ko da wani baƙo zai buƙata. Su duka biyun sun san wane baƙo take nufi. Tana fita ya durƙusa da ƙyar, ya jawo guntun tsohuwar sandar daga ƙarƙashin gado, ɓarin ƙasan, mai tsagar. Ya jera su a kan siminti, gindi da gindi. Tsagar ta faɗo daidai kan gaɓar tsakiya ta sabuwar, ya naɗa jan salatif a wurin, zagaye uku, ya danne da babban yatsa. Da safe Auta ta ga jan ta tambaya, ya ce don kada a musanya masa.

Malaman suka iso da hulunan rana da goran ruwa da surutu. A cikinsu akwai malamar lissafi, gajeriyar mace mai dariya da dukan jikinta, wadda tun daga ƙofa ta fara ƙirga taku da ƙarfi, da malamin tarihi, dogo, wanda bai taɓa ganin dutse ya ƙyale shi ba tare da ya faɗi shekarunsa ba. An kwana ana ruwa can inda kogin ya taso, amma nan gari ya waye tas. Na-Gaba ya ɗaura usur ɗinsa a aljihun gajeren wandonsa, ya gyara jaka, ya shiga gaba.

Hawan bai ba shi wahalar da ya zata ba. Gwiwar ta yi ta gunaguni, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu da ita. Bai rage tsawon sandar ba ko da yatsa ɗaya, don Auta na baya tana kallo. Ya nuna musu inda ake taka saiwa a bar gansakuka, ya hana malamin tarihi jingina da wani dutse mai motsi, ya tsayar da su shan ruwa a inuwar da ya saba. Manaja ne ma ya zama abin tausayi, yana haki kamar tsohon injin niƙa, rigarsa ta manne masa a baya. A ƙololuwa malamar lissafi ta sanar da taku dubu shida da ɗari biyu, ta ce ba ta ƙirga waɗanda ta yi da rarrafe ba.

Gangaren shi ne abin ji. Yana leƙa shi daga sama ya ga wurin da ya faɗi bara, duwatsun nan biyu na nan yadda ya bar su. Taku goma na farko, kowane ɗaya kamar ana buga masa ƙusa a gwiwa. Sandar ta yi masa gajarta, sai ya sunkuya kafin ta taɓa ƙasa, nauyinsa duka na sauka a kan ƙafar dama. Ya san in aka ci gaba a haka ba zai kai ƙasa da ƙafarsa ba.

"Ku dakata a nan," ya ce. "Bari in duba hanya."

Ya zagaya bayan wani ƙaton dutse inda ba mai ganinsa, ya ɓalle makullin, ya zaro gaɓar ƙasa kamar taƙi guda, ya danne. Ya gwada. Sandar ta riga shi sauka, ta karɓi nauyin, gwiwar ta biyo a hankali kamar mai gaisuwa. Ya tsaya ya harari abar, don ba ƙaramin haushi ba ne a ce yarinyar da ka yi wa wanka ta fi ka gaskiya. Sannan ya busa usur suka biyo shi. Ya wuce duwatsun nan biyu bai ko kalle su ba.

Da suka sauko bakin kogin rana ta take tsaka. Ruwan ya yi kalar shayi da madara, yana tafe da ganyaye da 'yan karare. A tsallake ga kwale-kwale uku nan a kife a kan yashi suna jiransu. Manaja ya zube a kan dutse, ya sha rabin gorarsa, ya ɗaga kai.

"Baba, gani ya kori ji," ya ce, a gaban kowa. "Ni ne ya kamata a kai sito. Gaba taku ce."

Malaman suka tafa. Maganar ta shige Na-Gaba har ƙashi. Wata takwas yana jiran ta. Ya juya don kada a ga fuskarsa, ya nufi faffaɗan dutsen nan, ya tsoma sandar a inda ya saba har ta dira ƙasa. Ruwan ya tsaya yatsu uku ƙasa da jan salatif.

"A haye," ya ce.

A tsakiyar mashigin akwai wani dutse mai kama da bayan kunkuru, wanda duk ranar da ruwa ke ƙasa da tsaga ake ganinsa a bushe. Yau babu shi, sai ɗan kumburin ruwa a inda yake. Na-Gaba ya ga haka. Ba za a ce bai gani ba. Amma sanda ta riga ta yi magana, sanda kuwa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ga kuma yabon Manaja na zaune daram a ƙirjinsa. Ya jera su yadda ya saba, mafi gajarta a bayansa. Malamar lissafi ta kama igiyar jakarsa da hannu biyu, na bayanta ya kama tata, har zuwa kan Auta.

Ya shiga. Taku ɗaya, biyu, uku, ruwan ya wuce gwiwa. Taku na biyar ya wuce tabon ɗinkin. Na shida, sanyi ya shiga aljihun da usur ke ciki. Shekara talatin da ɗaya yana tsallake mashigin nan, ruwa bai taɓa jiƙa masa aljihun nan ba. Ya ji tsakuwa na zarewa daga ƙarƙashin takalminsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba," in ji malamar lissafi daga baya, tana dariya amma muryar ba tata ba ce, "ni fa ruwan nan ya kai mini ƙugu. Haka lissafin yake?"

Ya ɗago sandar don ya sake dasa ta, idonsa ya sauka a kan gaɓar ƙasa, a kan wannan ɓangaren mai sheƙi da ya zaro ɗazu a bayan dutse. Nan take ya gane. Ya ƙara wa gindin sandar taƙi guda, jan salatif ya hau sama da taƙi guda, shi kuma ya manta, don tunda yake bai taɓa riƙe sandar da ke canja tsawo ba. Ruwan da suke ciki ya fi wanda ya ɗauki Yaya.

Taku goma sha biyu suka rage, kuma mafi zurfin na gaba. Wata murya a cikinsa ta ce ya daure, ai ga yashi can, ƙila a wuce lafiya, wa zai sani? Ya san muryar. Ita ce ta ce wa Yaya a haye.

"Malama," ya ce, bai ɗaga murya ba, "kada ki saki igiyar nan. Ki juyo da fuskarki inda ruwan ke fitowa. Ja ƙafa za ki yi, kada ki ɗaga ta. Auta, mayar da su."

Auta ba ta tambayi dalili ba. Ta dasa ƙafafunta ta fara jawo su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya tsaya ta saman malamar, ya ba ruwan bayansa yana tare mata ƙarfinsa, sandar na karkarwa a hannunsa. Sau ɗaya ƙafarta ta tashi, ya ji nauyinta duka ya rataya a jakarsa, gwiwar damansa ta yi wata ƙara da shi kaɗai ya ji. Bai motsa ba har ta sake samun ƙasa.

Suka fito, ruwa na ɗiga daga tufafi. Manaja ya matso kusa.

"Ruwan ne ya ƙaru, Baba? Na ga kamar yana hawa."

Ga ƙofa an buɗe masa har da shimfiɗa tabarma. In ya ce e kawai, shi ke nan: kogi ya ƙaru farat ɗaya, tsohon jagora ya lura ya ceci mutane, a yi ta ba da labari. Bakinsa har ya buɗe. Sai ya ga Auta. Ba shi take kallo ba, jan salatif ɗin take kallo, da idon wadda ta gane yanzun nan abin da aka naɗa shi dominsa. Wata rana ita za ta tsaya a gefen dutsen nan da mutane a bayanta, ta tsoma sandar nan ta yarda da ita. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ruwan bai ƙaru ba," ya ce. "Ni na ƙara sandar."

Ya ɓalle makullin a gabansu, ya mayar da gaɓar inda Auta ta sa ta jiya, ya koma gefen faffaɗan dutsen ya tsoma. Jan ya nutse, ya ɓace a cikin ruwan.

"Wannan jan shi ne awona. In ruwa ya taɓa shi ba a hayewa. Na ƙara tsawon sandar a gangare, a ɓoye, don kada 'yata ta ga na bi maganarta, na zo na auna da ita a haka. Kunkurun can ma ya gaya mini, na ƙi ji. Ni na shigar da ku ruwan nan. Malama, ki yafe mini."

Manaja ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba, ya riƙe su kawai. Malamin tarihi ya dubi kwale-kwalen da ke tsallake, ya dubi dutsen da suka sauko, ya ce yanzu wai duk wannan za a sake hawa, alhali ga jirgi can kamar a miƙa hannu?

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi," in ji malamar lissafi tana matse bakin rigarta. "Kai da ruwan bai kai maka ko aljihu ba. Baba, na yafe. Mu tafi tun ƙafata na jin magana."

Babu wata hanya sai wadda suka zo ta kanta, don titin mota a tsallake yake. Na-Gaba ya sake shiga gaba. Ya yi kashi ɗaya cikin uku na hawan da haƙora a cije, gwiwar na kumbura yana ji, har wandon ya fara matse ta. Daga nan ta ƙi. Ya ba ta umarni ta ɗaga, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya tsaya, layin duka ya tsaya a bayansa.

"Auta, ba ni ɗayar."

Ta kwance ta daga jakarta ta kawo masa. Ya rage tsawon duka biyun da hannunsa, a fili, kowa na kallo.

"Shiga gaba. Kin san hanya."

"Baba..."

"Rana na tafiya."

Haka ya koma ƙarshen layi, sanda biyu, ƙafa ɗaya da rabi. Karo na farko ke nan da ya ga ƙeyar mutane a hanyar nan, har ya gano Manaja ya fara sanƙo. Ya dasa sanduna, ya ja jiki, ya dasa, ya ja. Bai yarda an karɓi jakarsa ba. Ya wuce duwatsun nan biyu, ya wuce ƙaton da ya ɓuya a bayansa. Amma dab da ƙololuwa akwai wani mataki mai tsayin cinya, nan ya gwada sau uku ya dawo. A na huɗu ya ji hannu a hammatarsa ta dama, wani a ta hagu, Manaja da malamin tarihi, suka ɗaga shi kamar buhu suka dire a sama.

Ya zauna a kan dutse ya kalli kogin can ƙasa. Abin ya yi masa zafi, zafin da ya fi na ranar da ya karye, har ƙwalla ta cika masa ido, bai kuma share ta ba. Manaja ya zauna gefensa yana wasa da murfin gora.

"Fankar nan tana aiki dai?" in ji Na-Gaba.

"Baba, ba sai mun yi maganar nan yau ba."

"Mun riga mun yi ta ranar Laraba a ofishinka. An tallafe ni, kowa ya gani. Abu ɗaya nake so. Ka samo mini turken ƙarfe, da buhun siminti, da jan fenti. Kuma ka ba ni rana ɗaya, in ruwa ya janye."

Sai da aka yi mako biyar kafin kumburin gwiwar ya sace, kogin ma ya sauka. Mako biyar yana miƙa rigunan ruwa yana gyara wa mutane ɗaurin da suka yi ba daidai ba, fanka na kaɗa masa furfura. Ranar da aka sa, mota ta kai turke da siminti ta tsallake, ma'aikata biyu suka hayo da su. An ce ya bi motar, ya ce shi ba siminti ba ne. Ya bi bayan Auta ta kan dutsen, da sanduna biyu, yana rage su yana ƙara su a inda ya kamata ba tare da an tuna masa ba. Tafiyar awa uku ta ci musu biyar.

Aka kafa turken a gefen faffaɗan dutsen, gindinsa daidai inda gindin sandarsa ya saba dira. Da simintin ya kama, ma'aikatan suka koma tsallake. Na-Gaba ya zaro guntun tsohuwar sandar daga jakarsa ya jingina shi da turken.

"Taƙi uku da yatsu huɗu," ya ce. "Ja layin a nan. Ki yi shi da kauri, yadda mai tabarau ma zai gani daga nesa."

Tana shafa fentin yana ba ta labarin yayansa, tun daga jakar baƙuwar har zuwa wuƙar. Ta san baffanta a ruwa ya rasu, amma ba ta taɓa jin cewa shi ne a jikin sandar ba. Ta gama, ta ajiye burushin a kan murfin gwangwani.

"Me ya hana ka gaya mana tuntuni, Baba?"

Ya daɗe yana kallon jan layin. "In kowa ya san awon, wa zai jira ni?"

Ya ɗauko wayar ƙarfe ya ɗaure guntun sandar a jikin turken, tsaga daidai da layi, ya murɗa har sai da wayar ta shige itacen. Sannan ya sa farce ya ɓare jan salatif ɗin daga sandar ƙarfen, ya dunƙule shi ya sa a aljihu tare da usur. Ya yi ɗan tunani, ya sake zaro usur ɗin ya miƙa mata.

Kwale-kwale na jiransu a tsallake. Auta ta rataya usur a wuya, ta dubi turken, ruwan na ƙasa da layin da fiye da taƙi. Ta dubi kunkuru, bayansa a bushe.

"A haye," ta ce.

Na-Gaba ya haɗa sandunan biyu a hannun hagu, ya kama igiyar jakarta da na dama, ya bi ta cikin ruwan.